Gwangwanin da Ke Cikin But

Auta ya haura arba'in, har da tumbi da furfura, amma a gaban mahaifinsa har gobe yaro ne mai ɓarna. Shi ya sa da ya tashi yi wa tsohon abin arziki, a ɓoye ya yi. Ya karɓi motar Baba da sunan zai kai wanki, ya zarce wurin mai wayarin, aka cire tsofaffin ƙwayayen fitilun baya masu hasken kyandir, aka sa na zamani farare tas.

Ana tayar da mota sai ƙara, ƙit, ƙit, ga wata alama ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari.

"Cewa take ƙwai ya mutu," in ji mai wayarin. "Sababbin nan ba sa shan wuta. Ita kuma in ba ta ji ana zuƙa da yawa ba, sai ta ɗauka babu kowa a gidan."

"To, rufe mata baki mana!"

"Ba a rufe mata baki, Oga. Lallaɓa ta ake yi."

Ya huda wani gwangwanin biskit, ya jera tsofaffin ƙwayayen a ciki, ya ja musu waya, ya ɗaure gwangwanin a but, ƙarƙashin safayar taya. Duk sanda aka taka birki sai su kama a can cikin duhu, su sha wutarsu, mota ta yi shiru. Baba da ya ga sabon haske cewa kawai ya yi, "Wankin nan ya yi kyau." Auta ya haɗiye dariya har ya ƙware.

Wata biyar ana zaman lafiya. Ranar wata Talata da hantsi alamar ta dawo. Baba, wanda ya yarda da motar nan fiye da likitansa, ya sa matarsa ta zauna tana taka birki, shi kuma yana zagaye yana leƙe. Ko'ina wuta na ci. Ya goge tabarau, ya sake zagayawa. Washegari ma haka, har uwargida ta ce ƙafarta ta sage, ya nemi wani.

Ran Asabar ya kira Auta, ya ajiye makulli a kan tebur.

"Ka nemo mai saye. Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Ko dai ita ta ruɗe, ko ni ne idona ke ganin wuta inda babu. Ko wanne ne, bai kamata mu hau titi ba."

Auta ya kalli makullin. Motar nan ce kaɗai ke fitar da tsohon daga gida ba tare da ya roƙi kowa ba. In Auta ya yi shiru, Baba ya zama na kujera. In ya yi magana, ya san abin da kunnensa zai sha. Tausayi ne ya fi ƙarfin tsoro.

"Baba, zo ka gani."

Ya buɗe but, ya ɗaga taya, ya cire murfin gwangwanin, ya roƙi mahaifiyarsa ta taka birki sau ɗaya tak. Ƙwai uku suka kama. Na huɗu ya yi baƙi ƙirin.

Auta ya zayyana komai kansa a ƙasa, yana jiran saukar aradu. Baba kuwa sai ya shafa jikin motar.

"Ashe gaskiyarki ce. Yafe mini." Ya juyo. "Kai kuma, da girmanka, ka rasa wanda za ka yaudara sai mota?"

Ya sunkuya, ya daɗe yana kallon ƙwayayen.

"Wato aikin na sababbi ne. Waɗannan an ajiye su ne suna ci a ɓoye, don a ce har yanzu ana yi da su."

"Haka ne, Baba."

"Kamar takardun shagona da kai da yayyenka kuke kawo mini in sa hannu bayan kun gama yanke shawara."

Auta ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi.

Baba ya murɗe mataccen ƙwan, ya jefa a aljihu, ya miƙa hannu.

"Je ka ɗauko mini makullina. Ni zan sayo masa madadi da kaina."