Tsibirin da Gishiri Ba Shi da Mai Gadi

Zama ya gagari Aubin Tessereau a falon Madam de Brissaye. Ya leƙa taga, ya dawo, ya sake tashi, takardun hannunsa har sun jiƙe da gumi. Gobe da safe za a fitar da fursunoni daga nan garin Angers a cikin sarƙa, su je su tuƙa jiragen ruwan sarki, kuma ƙaninsa Gatien yana cikinsu. Laifinsa buhun gishiri da ya ƙetaro da shi daga lardin Bretagne a bayan idon 'yan haraji. Mutum ɗaya ne zai iya sakinsa, alƙali de Vaucelle, ga shi can kusa da murhu yana tsotsar alewa.

A ƙasar nan ba a ce wa babba ya yi zalunci. Wanda ya faɗa a fili, a ƙone littafinsa, shi kuma a nema masa ɗaki mai ƙaramar taga. Sai marubuta suka koyi hannunka mai sanda: a ƙirƙiro matafiyi, a fasa masa jirgi, a jefa shi wani tsibirin da babu shi a duniya, inda komai ke tafiya daidai, mai kunne ya ji. Abin da Aubin ya rubuta ke nan.

"Malam marubuci, za ka huda mini darduma da safa da marwa," in ji Madam. "Karanta mana mu ji."

Ya fara karatu. A tsibirinsa gishiri zube yake a bakin teku, kowa ya ɗiba. An taɓa yin wani alƙali a can mai ɗaure talaka saboda gishiri, sai mutane suka ba shi kwando suka ce ya kwashe teku ya ɓoye, tun da nasa ne. Tsoro ya sa Aubin ya sauya wa alƙalin kama. De Vaucelle gajere ne mai tumbi, don haka ya mai da na tsibirin dogo, siriri, mai ɗingishi.

Yana karatu yana satar kallon murhu. So yake ya ga kunya a fuskar de Vaucelle, ko da ta ɗan lokaci ce. Sai ya ga tumbin yana girgiza. Alƙali dariya yake yi har da hawaye.

"Lormeau ne!" in ji shi, yana bugun cinya. "Dogon banzan nan abokin aikina, har ɗingishin. Yaro, ka gama da shi. A rubuto mini kwafin labarin, in aika wa matarsa."

Falo ya kaure da tafi. Aubin ya ji kamar ya yaga takardun ya cinye. Ya lulluɓe maganar sosai har mai ita bai gane kayansa ba. Ya matsa kusa, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, Gatien Tessereau ƙanena ne. Gobe za a tafi da shi."

"Wa? Au, ɗan gishirin nan." Alƙali ya share ido, ya dafa masa kafaɗa. "Da a tsibirinka muke, ai da tuni na sake shi. Amma a Angers muke, ɗana."

Madam kuwa ta riga ta shiga shirin walima. Mako mai zuwa kowa zai zo da shigar mutanen tsibiri, a zuba gishiri a akusan azurfa, kowa ya ɗiba kyauta.

Da safe Aubin ya bi jerin sarƙar a gefen hanya, yana tuntuɓe, har ya kai daidai ƙaninsa. An aske wa Gatien kai, ƙarfe ya fara cin wuyansa.

"Yaya, ka karanta musu?"

"Na karanta."

"Me suka ce?"

Aubin ya yi ta tafiya a gefensa, bai iya duban idonsa ba.

"Sun ce ya yi daɗi."