Ɗaya Ya Tafi, Ɗaya Ya Zo

Ɗalibai ne suka sa mata suna Anti Biza, sunan kuma ya bi ta har gida. Shekara biyar ke nan tana zaune a ofishin hulɗa da jami'o'in ƙasashen waje, wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya a ƙarshen baranda, kusa da inda ake jibge kujerun da suka karye. Duk ɗalibin da zai tafi zango ɗaya a jami'ar da suke ƙawance da ita, ta hannunta yake bi. Ita ke cike fom, ita ke duba ko hoton fasfo ya nuna kunnuwa biyu, ita ke koya musu su amsa abin da aka tambaye su kawai a ofishin jakadanci, ban da dogon surutu. Ta tura mutum sittin da ɗoriya. Nata fasfon yana durowar ƙasa cikin leda, shafukansa fes, ko ɗigon tawada babu.

Asalinta malamar nazarin ƙasar noma ce. An ce ta riƙe ofishin na wata uku kafin a ɗauki ma'aikaci. Ba a sake tayar da maganar ba, ita kuma bakinta ya yi mata nauyi. A ƙarƙashin teburinta akwai kwali mai kwalabe arba'in da biyu, kowace da ƙasar da ta haƙo da hannunta daga gonakin da suka daina ba da amfani. A kansu digirinta na uku ya tsaya, don na'urar da za ta auna su tana can jami'ar ƙawancen.

Bana aka ba ta gurbi: wata shida a ɗakin gwajin wani farfesa na can. Abu ɗaya ya rage, takardar da za ta nuna jami'arta ta sallame ta, da sa hannun Daraktan ofishinta da hatimi, a ɗora a shafinsu na intanet kafin ƙarfe huɗu na yammacin Alhamis.

Ranar Litinin ta buga takardar da kanta, ta kai teburin sakatariya, wata dattijuwa da kowa ke kira Mama Hatimi saboda a jakar hannunta take ajiye hatimin ofis.

"Takardar sakin ce kika kawo?" in ji Mama.

"Ta sallama ce, Mama."

"Saki dai, 'yata. Shekara biyar kina auren ofishin nan, ko fanka mai juyawa bai saya miki ba. Shiga, yana ciki, yau da fara'arsa ya zo."

Darakta ya karɓi takardar, ya karanta har ƙasa, ya gyaɗa kai, har ya cire murfin biro. Sai ya tsaya, ya jawo kundin yarjejeniyar jami'o'in biyu daga bayan kujerarsa, ya lashi yatsa ya buɗe.

"Malama, karanta mini sakin layi na bakwai."

Ba ta buƙatar dubawa, ita ta rubuta shi. A shekararta ta farko shugabannin sassa suka yi ta ƙorafi cewa malamai za su kwashe su bar azuzuwa ba kowa, Darakta ya ce ta samo jimlar da za ta kwantar musu da hankali. Kwana biyu tana gogewa tana sakewa, har ta samu wadda ta yi mata daɗi a kunne. A taro an yaba mata, ta koma ofis tana murmushi ita kaɗai.

"Musayar malamai," ta faɗa a hankali, "ɗaya ya tafi, ɗaya ya zo."

"Madalla. To wa zai zo?"

"Ranka ya daɗe, ai ba wanda ya taɓa zuwa daga can ya zauna wata shida."

"To kin ji."

"Amma shugaban sashenmu ya tafi bara, kuma ba wanda ya zo."

"Ziyara ya tafi. Ziyara ta manya ce, musaya ta ƙanana. Ke fa kika raba fayilolin, kore da shuɗi." Ya mayar da murfin biron, ya tura mata takardar da yatsa ɗaya. Tana bakin ƙofa ya ƙara da muryar lallashi, "Kuma tsakani da Allah, in kin tafi wa zai riƙe mini ofis?"

Da yamma ta tarar da ƙanwarta, Auta, a tsakiyar ɗaki sanye da wata ƙatuwar rigar sanyi mai gashi a wuya, zufa na tsiyaya daga goshinta.

"Yaya, dubi abin da na tsinto miki a gwanjo! Mai kayan ya rantse ko a cikin firij kika kwana ba abin da za ki ji."

Anti Biza ta zauna a bakin gado ba ta ko cire takalmi ba, ta ba ta labari. Auta ta saurara, hannayen rigar na reto har gwiwarta.

"Wato ke kika haƙa ramin, kika share shi, kika shimfiɗa tabarma a ciki."

"Auta, don Allah."

"To ki rubuta wa farfesan ya zo mana! Shi ba mutum ba ne? Su kullum mu ne masu zuwa, su ƙafarsu ciwo take yi?"

Ta rubuta. Sau tara tana gogewa, tana cire "idan ba damuwa" tana mayarwa, kafin Auta ta miƙo hannu ta kan kafaɗarta ta danna aikawa.

Amsa ta iso ranar Laraba. Farfesan ya ba da haƙuri sosai: ɗakin gwaji ba ya barin sa, jami'arsu ma ba ta cika barin malamai su yi doguwar tafiya irin wannan ba. Amma yana iya koyar da ɗalibanta ta kwamfuta duk Talata, wata shida cur, kuma ga takarda mai tambari da ta kira shi malami baƙo a jami'ar su Anti Biza. Ta karanta sau uku. Ta sa ƙafa ta taɓa kwalin da ke ƙarƙashin tebur, kwalaben suka yi ƙara kaɗan.

Darakta bai shigo ba sai ƙarfe uku saura na ranar Alhamis. Ya karanta takardar a tsaye, fuskarsa ta washe.

"Farfesa sukutum! A jami'armu! Mama, zo ki ji, wannan sai shafin farko na rahoton shekara." Mama Hatimi ta shigo rungume da jakarta. Ya juyo ga Anti Biza. "Ya zo ke nan?"

"Ya zo, ranka ya daɗe. Ga shi a rubuce."

"Ƙafarsa za ta taka ƙofar nan?"

"A'a. Ta allon kwamfuta zai riƙa koyarwa."

Darakta ya zauna yana kaɗa biro. Can sai ya buga tebur, ya yi dariyar wanda ya warware matsala.

"Shi ke nan, an huta! Musaya ai irin abin da aka ba ka kake mayarwa. Ya zo ta allo, ke ma ki tafi ta allo. Ɗaya ya tafi, ɗaya ya zo. Kin samu gurbinki, ɗalibai sun samu farfesa, ofis bai rufe ba. Wa aka cuta?"

Maganganun shekara biyar suka taso mata, suna turereniya. Wadda ta samu fitowa ita ce mafi ƙanƙanta.

"Ƙasar fa, ranka ya daɗe? Kwalabe ba sa shiga allo."

"A aika musu. Su auna, ki riƙa kallo."

Ya sa hannu, sannan ya ƙara layi ɗaya a ƙasa da rubutunsa mai karkata: an sallame ta ta na'ura, ba tare da barin wurin aiki ba. Mama Hatimi ta fito da hatimin, ta hura masa iska kamar yadda ta saba, amma ba ta buga ba.

"Ranka ya daɗe, wannan ai ba saki ba ne. An ce mata je ki, an kulle ƙofa."

"Mama, buga, ina da taro."

Mama ta dubi Anti Biza. Agogon bango ya nuna uku da minti ashirin. Takarda ɗaya ce a duniya mai sa hannun nan, in ba a ɗora ta ba gurbin ya wuce ga wani, kwalaben kuma su ƙara shekara a ƙarƙashin tebur. Anti Biza ta sunkuyar da kai, ta gyaɗa shi. Hatimin ya sauka.

Ashe ƙasa ma ba ta ƙetare iyaka sai da takardu. Mako uku ta yi tana cike fom: inda aka haƙo ta, nauyinta, shaidar ba ta ɗauke da ƙwari, dalilin tafiya, ranar dawowa. A nan ta rubuta ba za ta dawo ba. Aikinta ne, ko kuskure ɗaya ba a samu ba. Ranar da izinin ya fito Mama Hatimi ta ɗaga shi sama.

"Oh ni! Ƙasa ta samu biza."

Da za a rufe kwalin sai aka ga kwalaben na karo da juna. Anti Biza ta je gida ta ɗauko rigar sanyin, ta shimfiɗa a ciki, ta jera su a kai, ta naɗe su da hannayen rigar. Auta, da ta biyo ta, ta tsaya tana kallo.

Ranar da aka fara awon, ta rufe taga saboda haske, ta sa abin ji a kunne. A allon ga wani farin ɗaki mai faɗi, ga na'urar da ta daɗe tana gani a littafi, ta fi yadda ta zata ƙanƙanta. Wasu hannaye masu safa suka ɗago kwalba ta goma sha bakwai. Ta gane rubutunta a jiki, har da inda biro ya ɗauke ta sake bi. A bayan mai hannayen, an rataye rigar Auta a ƙusa.

"Kina ganinmu?" in ji farfesan.

"Ina gani," ta ce. Hoton ya tsaya cak, ya sake motsi.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata ɗaliba ce ta leƙo, riƙe da ambulan.

"Anti Biza, don Allah duba mini hoton nan, kunnuwan sun fito?"

Ta cire abin jin daga kunne ɗaya, ta miƙa hannu.