Jan Ɗigo a Kan Dutsen Sabis

A ƙauyen su Salmanu, can bayan Kuyello, sabis ɗin waya basarake ne: ba ya zuwa wurin kowa, sai dai a je masa. Fadarsa kuwa wani dutse ne a bakin daji, har ana kiransa Dutsen Sabis. Duk mai son magana da wani can yake hawa, ya ɗaga waya sama yana juyi.

Farkon damina Malama Ruƙayyatu, ma'aikaciyar lafiyar da ke jagorantar 'yan agajin yankin, ta tara manoma ta koya musu tura lokeshin. "In hatsari ya auku, ku danna nan," in ji ta. "Jan ɗigo zai fito a taswirar wayata, mu zo mu same ku." Abin ya kwanta wa Salmanu a rai. A yankin nan ba a faɗin inda gona take a waya, don ba ka san kunnen da ke kusa ba, dajin kuma ba manoma kaɗai ke cikinsa ba. Yau ga abin da zai nuna wuri ba sai an buɗe baki ba.

Enoch, maƙwabcinsa na gona tun suna samari, ya sa shi gaba da tsiya. "Malam, kai da ko agogon wayarka sai an gyara maka?" Salmanu ya ce ya bari dai, wata rana shi zai yi godiya.

Ranar da abin ya faru suna maimai a gonar masarar Enoch, hadari ya taso da iska mai ƙarfi. Suka fake a gindin tsohuwar ɗorawar da ke tsakiyar gonar. Ba su ankara ba wani ƙaton reshe ya ɓalle, ya tsarge cinyar Enoch. Salmanu ya ture reshen da ƙyar, ya ɗaure raunin da rawaninsa, amma jini ya ƙi tsayawa. Babur ɗin agaji da kayan ɗinki kawai za su cece shi.

Salmanu ya zuba da gudu cikin ruwa har kan dutsen. Ya danna inda aka nuna masa, sannan ya kira. "Malama, Enoch ne, itace ya faɗa masa, jini yake zubarwa."

"Na ga ɗigon, Baba. Ga mu nan tafe."

Zancen ɗorawar ya zo masa har baki, sabo ya sa ya haɗiye shi. A zatonsa ɗigon bin wayar yake duk inda ta nufa, kamar akuya da mai dusa. Sai ya jefa ta aljihu ya koma wurin abokinsa, inda ko ƙamshin sabis babu.

Ya durƙusa ya danne raunin da hannu biyu. Can suka jiyo ƙugin babura ta wajen dutsen. "Ka ji su ko?" in ji Salmanu. "Wa bai iya waya ba?" Enoch ya yi murmushin ƙarfin hali, ya ce, "Ka iya, Malam. Na gode." Sai ƙugin ya ɗauke, bai sake matsowa ba.

Tsoro ya kama Salmanu. Ya so ya koma dutsen, amma da ya ɗaga hannu sai jini ya ɓalle. Ya ƙwala kira, abin da ba a yi a dajin nan, ruwa ya cinye muryar. 'Yan agaji suka bazu suna bin gonaki ɗaya bayan ɗaya. Ko da suka iso gindin ɗorawar, Enoch ya riga ya cika, Salmanu kuma bai ɗaga hannunsa ba.

Bayan an yi jana'iza Ruƙayyatu ta same shi a ƙofar gida. Ta ce ɗigon inda aka danna yake tsayawa, ba ya tafiya. "Na koya muku dannawa, Baba, na manta cewa ku sai kun bar wurin hatsari kafin ku sami sabis," in ji ta. "Mun daɗe a tsaye kan dutsen muna dube-dube."

Salmanu bai ga laifinta ba, nasa yake gani, baƙin cikin kuma ya hana shi sukuni. Da ruwa ya ɗauke na kwana biyu ya hau dutsen shi kaɗai, ya tsaya daidai inda ya danna. Ya ɗaga kai ya dubi yamma. Ga ɗorawar can ta zarce duk itatuwa, gurbin reshen da ya karye fari fat, ko mai ciwon ido zai hango ta. Da ma ya ce musu ɗorawa kawai.