Ranar da Appa Ya Kushe Romo

Wata huɗu ke nan mahaifina, da muke kira Appa, bai ji ɗanɗanon komai ba. Tun da likitoci suka gama gasa masa maƙogwaro da na'ura, ciwon dajin ya tafi, harshen ma ya bi shi. Duk abin da na dafa, sai ya tauna sau biyu ya ture. "Thilaga, takarda kika jiƙa min?" Mutumin da ya shekara talatin yana tuƙa jirgin ƙasa daga Ipoh zuwa Butterworth, ga shi wandonsa ba ya zama sai da igiya. Likita ta ce ɗanɗanon yana iya dawowa, yana iya ƙi. Appa ya daina tambaya.

Wata Lahadi gas ya ƙare mini ina tsakiyar girki. Na ce mu je gidan abincin Kawu Muniandy, layi biyu ne daga gidanmu. Appa ya ce ba ya zuwa a yi ta kallonsa. Na ce to ni dai yunwa nake ji, kuma ba zan bar shi shi kaɗai ba. Ya sa riga yana mita.

Mun tarar da wurin maƙil, fankoki na ta kaɗa ƙamshin kori da soyayyen kifi. Kawu Muniandy abokin Appa ne tun suna firamare. Da ya hango mu daga bayan tukwane, na ga fuskarsa ta sauya, ya yi maza ya gyara ta.

"Direba! Na ɗauka ka samu wani mai abincin ka yar da ni."

"Rakiya na yi," in ji Appa. "Kada ka ɓata ganyenka."

Kawu bai kula shi ba. Da kansa ya shimfiɗa mana ganyen ayaba, ya zuba shinkafa da kabeji da mangwaro mai yaji, ya malala min miyar kifi. A gaban Appa kuwa ya ajiye ɗan kofin rasam, romon nan na tsamiya da masoro.

Na duƙufa a kan nawa, don na san in ana kallonsa ba ya ci. Na ji ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Sai ya dangwarar da kofin.

"Muniandy! Zo nan. Wa ya yi wannan?"

"Ni ne."

"Ka ƙona hulbar. Ɗaci har ka! Shekara arba'in kana sana'ar nan, ba ka jin kunya?"

Lomar da na ɗauko ta tsaya a hannuna. "Appa, me ka ce?"

"Na ce hulbar ta..." Bai ƙarasa ba. Ya zuba wa kofin ido, ya motsa harshe a hankali kamar mai neman ƙaya.

Kawu ya ɗauki kofin ya ɗanɗana. "Ta ƙone kam," ya ce. "Tun safe mutum sittin sun sha, babu wanda ya ce uffan." Ya juya ya ƙwala wa matarsa kira. "Kanagam! Kawo kaza, kawo komai! Bakin tsohon nan ya dawo, mun shiga uku!"

Inna Kanagam ta fito da bokitan miya uku a hannu, ta tsaya a kan Appa tana zuba masa kaɗan-kaɗan. Kabeji, bai ji komai ba. Mangwaron ya sa shi runtse ido, har na teburin kusa suka yi dariya. Kaza, ya ce kamar daga nesa yake jin ta. Zaƙi kuwa babu labari, kunun madarar da ta kawo a ƙarshe ya ce ruwa ne kawai.

"Wannan ma yana tafe, Yaya," ta ce. "Ci dai."

Ya ci rabin shinkafarsa. Ni kuwa na tafi wanke hannu na daɗe a bakin famfo, sai da wata mata ta taɓa kafaɗata ta ce ko yajin ne. Na ce mata eh.

A hanyar gida sau biyu ya tsaya hutawa. A na biyun ya ce, "Gobe ki sayo garafuni a kasuwa. Ni zan soya, ke jiƙa shi kike yi da mai."