Ankon Mama Ashake

A gidan tsofaffi na coci da ke Abeokuta, kowa da abin da yake faɗa kan Mama Ashake. Masu jinya sun ce sai ta shafa hoda take karɓar magani. Mai gadi ya ce tun da aka kawo Baba Oyewole, tsohon direban jirgin ƙasa, ta koma sa jan baki.

Morenike, 'yar Baban, dariya take yi wa zancen, har ranar da ta shigo da kular amala ta tarar da su a gado ɗaya, zane guda ya rufe ƙafafunsu, tsohuwar na shafa masa man kaɗanya a ƙirji. Ta samu shugabar gidan ta ce ba don wannan ta kawo mahaifinta ba, ko ƙasar kabarin mahaifiyarta ba ta bushe ba. Daga ranar aka kulle ƙofar da ke tsakanin ɓangaren maza da na mata.

Baban bai yi mata faɗa ba. Abinci dai ya rage ci. In ta zo, yakan tambaye ta ko an yi ruwa a ɓangaren mata, sai ka ce wani gari ne. Tsakiyar damina ya cika, da hantsi, fuskarsa na kallon ƙofa.

Tana haɗa kayansa ta ga wata babbar riga shuɗiya da ba ta san shi da ita ba. Mai shara ta ce Mama Ashake ce ta raba yadinta biyu ta ba tela, don su sa ranar bikin godiya a coci. Morenike ta ninke rigar. Namiji da mace ba sa fita cikin yadi ɗaya sai in miji da mata ne.

Ta sa aka buɗe ƙofar. Tsohuwar na zaune a baranda, ɗaure da ɗaya rabin yadin, ba hoda, ba jan baki.

"Kin zo kwasar kayan saurayina?" in ji ta. "Duba aljihu, yana ɓoye alewa." Ta ɗan nisa. "Ƙafarsa ba ta son sanyi, 'yata. Wa ya riƙa ɗumama masa?"

Morenike ta durƙusa gwiwa biyu, ta ɗora rigar a cinyar tsohuwar. Mama Ashake ta shiga gyara wuyan rigar.

"Mama, ni na sa aka rufe ƙofar. Ki yafe mini."