Sunan da Ba a Buga a Jarida Ba

Sau biyu Traudel ta danna ƙararrawa kafin aka buɗe ƙofar mashayar. Wani ƙato mai gemu, da tsumma a kafaɗa, ya dube ta daga hula har takalmi.

"Inna, ɓatan hanya kika yi? Babban coci yana can bakin tasha."

"Ottmar nake nema. Ni ce yayar Winfried."

Mutumin ya sauke tsumman daga kafaɗarsa, ya matsa mata.

Tun da rana ta baro ƙauyensu a yankin Eifel, bas ɗaya da jirgin ƙasa biyu kafin ta iso Köln. Ƙaninta Winfried ya rasu kwana goma sha tara da suka wuce, zuciyarsa ce ta tsaya yana wurin aiki. An ƙona gawar kamar yadda ya bar wasiyya, ranar Juma'a kuma za a binne tokar a ƙauye, kusa da mahaifinsu. Shekara ashirin da biyu ya yi yana zaune da Ottmar, namiji kamarsa, gida ɗaya, gado ɗaya. Kowa a danginsu ya sani, ba wanda ya taɓa furtawa. Da yake ba su je an ɗaura musu aure ba, shirin jana'izar a hannun Traudel ya faɗa.

Ita ce ta rubuta sanarwar rasuwar da aka buga a jarida. A ƙarƙashin sunan mamaci ake jera masu makoki, wanda ya fi kusa da shi a sama. Ta sa mahaifiyarsu, ta sa kanta da mijinta da 'ya'yanta, har da jikarta 'yar wata bakwai. Ba ta sa Ottmar ba. Tun daga ranar ya daina ɗaukar wayarta.

Ƙarfe bakwai ne na yammacin Asabar, wurin bai cika ba tukuna. Wasu baƙi biyu daga Madrid suna tsaye da akwatinsu, suna tambayar inda ake rawa har safe. Mai gemun, Manni, yana zana musu titin a bayan wata takarda. A can kusurwa maza ne zaune kewaye da dogon tebur, yawancinsu masu furfura, kowa da siririn kofin giyarsa.

Ta ƙarasa, ta ƙwanƙwasa teburin da bayan yatsunta, yadda ake gaida jama'a a mashayar ƙauyensu. Biyu suka ƙwanƙwasa mata. Sauran suka dubi Ottmar.

Ya rame. Rigar sanyin da ke jikinsa ta san ta, ita ta saƙa wa Winfried.

"Kin zo karɓar kayansa ne?" ya ce. "Na riga na ɗaure su."

"A'a."

"To me?"

Wani tsoho mai ɗan kunne ɗaya ya jawo kujera. "Haba, tsohuwa, bar baiwar Allah ta zauna mana. Ba ki ga ƙafafunta ba ne?"

Da Ottmar yake. Haka suke kiran junansu a nan, kamar mata.

"Rufe mana baki, Hennes."

"Ni ban rufe baki a gaban 'yan sanda ba, sai a gabanki?"

Traudel ta zauna, jakarta a kan cinya. Manni ya dire mata kofi bai tambaye ta ba. A bango, tsakanin hotunan kanival, bikin rawa da shigar ban dariya, sai ta ga Winfried. Ya sa jan gashin kanti har kafaɗa, bakinsa a buɗe, hannunsa a sama. Ta daɗe tana kallo. A gida zai zo Kirsimeti ya zauna a gefen murhu, ya gyara wa mahaifiyarsu rediyo, ya kama jirgin ƙarfe biyar. Ko a bikin aurenta bai tashi daga kujera ba.

"Yana rawa?" ta tambaya.

Teburin ya fashe da dariya.

"Rawa?" in ji Hennes. "Kamar saniya a kan ƙanƙara! Ya taka ni ya fi sau ɗari. Amma sai an kashe fitilu kafin a fitar da shi."

"Waƙa kuma ba a magana," wani ya ce. "Mun taɓa tara hannu a hana shi."

Ottmar bai yi dariya ba. Yana juya kofinsa a kan tebur.

"Na sayi jaridar taku," ya ce. "Sai da na je har tasha na samo ta. Na karanta sau uku, na ce ko idona ne. Jaririya tana ciki, Traudel. Jaririyar da bai taɓa ɗauka ba."

"Na sani."

"Ni na wanke masa ƙafa lokacin da aka yi masa aiki a baya. Wata huɗu."

Ta shirya maganganu da yawa a jirgi. Za ta ce mahaifiyarsu ta tsufa, za ta ce mutanen ƙauye. Duk suka gudu.

"Ba Mama ba ce," ta ce. "Ba ta ma gani ba sai da aka buga. Ni ce. Na rubuta sunanka, na goge. Na tuna matan da muke waƙa tare a coci, sai na goge."

Ƙararrawa ta yi ƙara, Manni ya tafi buɗe ƙofa, hayaniyar titi ta shigo ta fita.

"Ka zo ranar Juma'a," ta ce. "Ƙarfe biyu. Ba zan iya sa shi a ƙasa ba ka nan ba."

"In tsaya a baya da maƙwabta? A ce wane ne wancan, abokin aikinsa ne?"

"Kai za ka bi bayan tokar. Kai ne na farko. Ni da Mama muna bayanka."

Ya ɗago ya dube ta sosai, karo na farko tun shigowarta.

"Ba ni kaɗai zan zo ba," ya ce. Ya nuna teburin da haɓarsa. "Mu goma sha ɗaya ne. Kuma Hennes ba ya cire ɗan kunnensa."

"Ko a kabarina," in ji Hennes.

Traudel ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta hango su suna saukowa daga bas a gaban shagon burodi, labulayen gidaje suna motsi. Ba ta ɓoye wa kanta ba, tsoro take ji.

"Bas ɗin sha biyu da rabi za ku kama," ta ce. "Na bayansa ba ya zuwa da wuri."

Ottmar ya gyaɗa kai a hankali. Ta duba agogo, jirginta na ƙarshe saura minti arba'in. Ta cire hularta ta ajiye a kan jaka, ta sake juyawa wajen hoton.

"Wace waƙa yake yi?" ta ce. "Ku faɗa mini. Ban taɓa jin muryarsa yana waƙa ba."