Ranar da Inna Mai Kuka Ta Ƙi Kuka

Mai kwalliya ta miƙo kwalbar man zafi, wanda 'yan wasa ke shafawa a ƙasan ido don hawaye ya zubo, amma Inna Mai Kuka ta ture hannunta.

"Yau ba na so."

"Inna, gwaji ne fa! Ba ki ji ihun waɗancan ba?"

Ta ji mana. Tun safe mata ke shiga ɗakin gwajin, kowace ta kurma ihu, ta yi birgima har ɗankwali ya faɗi. Uwa ake nema, wadda fim ɗin duka ya rataya a wuyanta. Ita kuwa Inna, tun daga dandamali har zuwa gaban kyamara, aikinta guda ne: a kira ta, ta rusa kuka, a sallame ta kafin azahar. Ga shi gwiwa ta fara ciwo. In wannan ya wuce ta, ta san ba wani kuma.

Ta samu darakta ya dafe kai, kamar wanda ya wuni a injin niƙa.

"Inna, ga kwandon wanki nan, kina ninke kaya. Za a kawo miki labari. Bismilla."

Mataimakinsa ya matso ya sunkuyar da kai. "Inna, ɗanki ne. Motarsu ta yi hatsari. Bai kai asibiti ba."

Kowa ya shirya kunnensa. Inna ta ci gaba da ninke zani. Ranar da ƙanin mijinta ya tsaya mata haka a bakin ƙofa da labarin ɗanta na cikinta, ba ta yi ihu ba, kuma ba ta manta abin da ta yi ba.

"Ka sha rana," ta ce. "Zauna mana. Ka ci abinci kuwa?"

Mataimakin ya rikice, don wannan ba ya cikin takardarsa. Ta ɗauko wata riga, ta shafa wuyanta.

"Dubi maɓallin nan. Tun jiya nake ce masa ya kawo in ɗinke, yaron nan ba ya ji."

Ta shiga laluben allura a cikin kwandon, tana ta ɗaga kayan da ta riga ta ninke. Mai kyamara, ƙaton mutum mai gemu, ya juya baya yana jan hanci. Darakta ma ya manta shi ke cewa a tsaya, sai da Inna ta gaji ta dube shi.

"A ce wa sauran su tafi gida," ya ce. "Inna, naki ne. Amma za ki iya maimaita wannan ranar ɗaukar fim?"

Daɗi ya cika ta har wuya. Ta gyara mayafinta tana dariya.

"Ɗana, shekara da shekaru nake maimaita shi ni kaɗai a ɗaki. 'Yan kallo ne kawai ban samu ba sai yau."